Jana'izar Babban Goge

Ni Tunau ɗan Nomau, mai busa begila
a rundunar Hausa ta bakin ruwan Ikko,
ga abin da idona ya gani
shekarar da gishiri ya yi tsada.

Akwai wani Bature a kantin Jamusawa,
mai auna manja, mai ƙirga ganguna.
Wensil sunansa. In ka kira shi Bajamushe
sai ya ɗaure fuska kamar an fama masa gyambo.
Shi ɗan Bohemiya ne, ƙasar da ba ta san teku ba,
sai sanyi, in ji shi, da makaɗi a kowane gida.
Na ce, ashe mu biyu ne baƙin ruwa,
ni ma rijiyar garinmu gaba ashirin ce.

Yana da goge, amma wane irin goge!
Ya kai ni tsawo har da hulata,
ciki kamar rumbu, tsirkiya huɗu,
a tsaye ake rungumarsa.
In ya ja izga, hanji ke riga kunne ji.

Shi ya koya mana folka:
taku, taku, taku, sai ɗan tsalle,
kamar wanda ya taka garwashi gaban surukai.
Mun busa ta a ɗakin rawar manyan gari,
attajiran Saro cikin kwat ɗin ulu,
gumi na bin wuya, ba mai kwance maɓalli ɗaya.
Mu muna lungu bayan tukwanen fure,
ladanmu sisi da gefen burodi.

Amma a unguwar Aguda, wajen mutanen Birazil,
can kiɗan ya sami ƙafafunsa.
Jajiberin azuminsu ne.
Fuskokin takarda, farin alli, ƙararrawa a idon sawu,
wani ya shiga cikin bijimin gora da ƙyalle
yana tunkuyin yara har bakin kwata.
Iya Balbina na soya kifi, tana rawa da ludayi.
Wensil ya saki baki.
Ya ce a ƙauyensu mutum kan sa rigar ciyawa,
a ɗaure shi da igiya, a bi gida-gida,
kowace mai gida ta taka rawa da shi
don hatsin bana ya yi tsawo.
Na ce, ai tashe ke nan,
sai dai mu cikin azumin muke namu, bayan an sha ruwa.

Dare ya raba, ya ɗaga hannu, kiɗa ya ɗauke.
Ya kwantar da gogen kan ƙyauren da aka ciro,
ya lulluɓe shi da farin zane.
Haka suke yi, in ji shi: a binne kiɗa kwana arba'in.
Maza huɗu suka ɗauka, ni ne na huɗu.
Ya wuce gaba da guga da tsintsiya, yana yayyafi,
yana karanto laifukan mamaci:
ya cinye takalma,
ya hana masunta sammako,
ya raba kafinta da kuɗin haya.
Mata na kukan ƙarya, dariya na kufce musu.
Ni dai haƙorana ba su ga fitila ba.
A garinmu ba a wasa da likkafani.

Arba'in ba ta cika ba zazzaɓi ya shiga kantin.
Maza huɗu suka ɗauka.
Ni ne na huɗu.
Bai kai gogensa nauyi ba.

Gogen na nan a soron Iya Balbina.
Damina ta tsaga masa ciki,
kyanwa ta haihu a ciki sau uku.
Ba wanda ya san addu'ar tayar da shi.

Yanzu goro nake kasawa, haƙoran busa sun zube.
Jiya jikata Kyauta ta tafi ɗebo ruwa,
tulu a ka, ba kiɗa, ba kowa:
taku, taku, taku,
sai ta yi ɗan tsallen nan.
Ruwa ya zubo mata a wuya.
Uwarta ta yi faɗa. Ni na yi shiru,
ina neman inda na ajiye begilar.